Ofishin zaɓe na gunduma a Amurka: yadda suke aikin rajista da ƙuri'ar gidan waya

A Amurka babu hukuma guda da ke riƙe da rajistar masu zaɓe na ƙasa baki ɗaya. Jiha ke kafa doka, gunduma ke aiwatarwa, sai jihohi irin su Wisconsin da Michigan inda magatakardan gari ke riƙe da aikin. Sunan ofishin ma ya bambanta: wani wuri County Clerk, wani wuri Board of Elections, a Florida kuwa Supervisor of Elections. A ganinmu, wanda ya je da ƙafarsa zai samu aiki mai kyau, kuma ba a biyan ko sisi. Rauninsu shi ne sanar da mutum cewa takardarsa ta samu matsala tun lokaci bai ƙure ba.

Rajista ba ta da wuya. Wata dokar tarayya ta 1993 ta ba da damar yin ta a ofishin lasisin tuƙi ko ta gidan waya, jihohi da yawa kuma sun buɗe ta a intanet. Za a nemi lambar lasisi ko lambobi huɗu na ƙarshe na Social Security, wato lambar da gwamnatin tarayya ke ba mutum don aiki da haraji. Doka ba ta yarda a rufe rajista fiye da kwana 30 kafin zaɓen tarayya ba, wasu jihohin ma har ranar zaɓe suna yi, North Dakota kuwa ba ta rajista sam. A rubuta suna daidai da yadda yake a lasisi, domin Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya sa kwamfuta ta ajiye fom gefe. Wanda kuma bai zama ɗan ƙasa ba, ko da yana da katin zama na dindindin, kada ya kuskura ya cike fom ɗin ko da ma'aikaci ne ya miƙo masa: laifi ne da kan kai ga kora daga ƙasar.

A ƙuri'ar gidan waya ne gizo ke saƙa. Oregon, Washington, Colorado da California suna aika wa duk mai rajista ba sai ya nema ba. A Pennsylvania sai ka nema, amma ba a tambayar dalili. Texas kuwa sai da uzuri, kamar shekara 65 zuwa sama, ko naƙasa, ko rashin kasancewa a gunduma lokacin zaɓe, kuma dole takardar neman ta isa ofis kwana 11 kafin ranar. A Florida buƙatar kan ƙare bayan kowane babban zaɓe, sai an sabunta. Mutane da yawa kan zauna jiran ambulan da ba zai zo ba.

Ba kasafai ake watsar da ƙuri'a saboda abin da ke cikinta ba, ambulan ne ke kayar da ita. A jihohi da yawa ana gwada sa hannun da ke bayansa da wanda ke ajiye a ofis, wanda sau da yawa aka yi shi cikin gaggawa a kan allon ofishin lasisi shekaru da suka wuce. In hannunka ya canza, ka sabunta tun kafin kakar zaɓe. A Pennsylvania ambulan biyu ne, kuma ƙuri'ar da ba a sa cikin na ciki ba, ba a ƙirga ta. Wisconsin na neman sa hannun shaida da adireshinsa, North Carolina shaidu biyu ko notari, wato jami'in da ke tabbatar da sa hannu. Texas na son lambar shaida a jikin ambulan, kuma sai ta dace da wadda ke cikin rajistarka, shi ya sa ya fi kyau a rubuta ta lasisi da ta Social Security duka.

Jihohi da dama na ba da damar gyara, amma wa'adin gajere ne. A Florida ƙarfe 5 na yamma ne na kwana na biyu bayan zaɓe. In babu lambar wayarka ko imel a hannunsu, wasiƙa za su aiko, wadda kan iso bayan bakin alƙalami ya bushe. Don haka a cike waɗannan gurabe biyu ko da an rubuta ba dole ba ne, a kuma yi rajistar bibiyar ƙuri'a inda ake da ita, irin su manhajar BallotTrax. Wannan ɓangaren ya cancanci yabo, saƙo kan shigo lokacin da aka aika, da lokacin da aka karɓa.

Hukumar gidan waya da kanta na ba da shawarar a tura ƙuri'a aƙalla mako guda kafin wa'adi. In an shiga makon ƙarshe, a kai ta ofis hannu da hannu ko akwatin da aka tanada, inda doka ta yarda. Wanda ya tashi daga gida ya sanar da ofishin zaɓe kai tsaye, domin galibi ba a tura ƙuri'a zuwa sabon adireshi, mayar da ita ake yi. Waɗanda ke ƙasashen waje su cike fom ɗin FPCA, na rajista da neman ƙuri'a daga waje, kowace shekara. Doka ta wajabta a aika musu ƙuri'a kwana 45 kafin zaɓen tarayya, in ba ta iso ba su yi amfani da FWAB, ƙuri'ar ko-ta-kwana ta tarayya da mutum ke rubuta sunan ɗan takara da kansa, a madadinta.