Maganar hoton asibiti a Ingila, ga yadda abin yake

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lafiya, ya zafi, mu nan sanyi ne ya sako mu gaba. Mutane da yawa in mun yi waya sai sun tambaye ni wai da gaske ne a Ingila kyauta ake ɗaukar hoton asibiti, musamman da suka ji aikina shi ne tura marasa lafiya a keke ko a gado daga ɗakin kwanciya zuwa sashen hoto a wani asibiti nan Nottingham. Toh ni dai ba likita ba ne, ba nas ba ne, amma kullum ƙafata tana wajen, abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Kyauta ne ta fuskar cewa ranar da za a ɗauke ka ba wanda zai ce je ka biya ka kawo rasit, babu ma tagar biyan kuɗin balle ka nemi POS. Amma kuɗin an riga an cire shi tun daga albashi, haraji ne, kuma baƙo mai bizar zama yana biyan fam 1,035 na kowace shekara tun wajen neman biza, ɗalibi fam 776, sai dai masu bizar aikin lafiya da kula da tsofaffi su an ɗauke musu. Kai tun kafin ka taso ma da hoto ake fara maka sallama, don duk wanda zai zauna sama da wata 6 daga Najeriya sai ya je Abuja ko Legas an masa hoton ƙirji an tabbatar ba shi da tarin fuka.

Abin da ya fi ɗaure wa ɗan gida kai in ya zo shi ne nan hoto ba abin da kake nema da bakinka ba ne. A Kano in kana da kuɗinka yau ka tashi da ciwon baya, ka hau adaidaita ka je ɗaya daga cikin wuraren hoto na kuɗi, kafin la'asar an maka eksire ko sikanin, kana riƙe da ambulan ɗinka ka dawo gida, wani lokacin ma babu takardar likita. Nan kuwa sai ka bi ta hannun likitan unguwa wanda suke cewa GP, shi zai ga ko ka cancanta, ya rubuta, su ma masu hoton su duba ko dalilin ya kai, sannan wasiƙa ta zo maka gida da rana da lokaci. Ni kaina da bayana ya matsa min na ce a min MRI, wato hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, likitar ta sa na sunkuya na miƙe, ta ɗaga ƙafata, ta tambaye ni ko fitsari yana kufce min ko ƙafa tana mutuwa, na ce a'a, ta ce toh ba hoto, ka je wajen masu motsa jiki. Hujjarsu ita ce yawancin manya in aka haska bayansu sai an ga wani abu ko da ba sa jin ciwo, sai mutum ya ɗauki damuwa ko a kai shi ga tiyatar da ba ya buƙata. Ƙa'idar da NHS, hukumar lafiya ta gwamnati a nan, ta sa wa kanta ita ce kada jiran gwaji ya wuce sati 6, amma kowa ya san ana wucewa, su da kansu suna fitar da alƙaluman, kuma in ka yi sake ranarka ta wuce baka je ba baka kira ba, ana iya mayar da kai wajen GP ka sake sabon lale. Don haka a ciwon gwiwa da ciwon baya da irin su, wallahi mai kuɗi a gida ya fi mu saurin samun hoto, wannan ba ja.

Amma ranar da abu ya zo da gaggawa a nan ne zaka ga bambancin da ya sa nake wannan dogon rubutun. Mutum ya faɗi baki ya karkace hannu ya saki, aka kira 999, lambar motar asibiti ta gaggawa, tun suna hanya ma'aikatan motar sun sanar da asibiti, kafin su iso an share layin siti sikan, wato na'urar CT da zata haska cikin kansa, mu masu turawa har gudu-gudu muke da gadon, wanda ke kan layi da ciwon kafaɗa a ce masa ya yi haƙuri. Dalilin gaggawar kuwa shi ne shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce, ko jini ya daskare ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, ko jijiya ta fashe jini ya zuba, kuma daga waje duk kamarsu ɗaya, hoto ne kaɗai zai raba. In toshewa ce akwai allurar narkar da gudan jinin da aka fi yi cikin awa 4 da rabi na farko, wani ma a zura siririyar waya ta jijiyar matsematsi har ƙwaƙwalwa ana kallo a allo a zaro gudan, in kuwa fashewa ce aka yi wannan allurar an ƙarasa shi. Shi yasa dan Allah in Baba ko Inna ta faɗi haka kada a ce bari gari ya waye, kada a ɗura mata asfirin, a yi addu'ar a cikin mota ana tafiya, a nufi babban asibitin da yake da siti sikan. A gida awannin nan yawanci wajen kiran 'yan uwa a haɗa kuɗin hoto suke ƙarewa, kuma wannan shi ne abin da yake ci min rai in ina tura wani dattijon Bature da ko walat bai zo da ita ba.

MRI kuwa mutanen garin nan suna alfahari da ita don Peter Mansfield na jami'ar Nottingham yana cikin waɗanda suka samar da ita, har aka ba shi kyautar Nobel a 2003. Ita ba ta da hasken nan mai illa irin na eksire da siti, maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske kuma ba a kashe shi ko da daddare, kekena na ƙarfe ma a bakin ƙofa yake tsayawa, akwai nasu na musamman da ake sauya wa mara lafiya. Kafin ka shiga sai ka cika takarda, an taɓa maka aiki, akwai batir a zuciya, ƙarfe ya taɓa shiga idonka, kai makaniki ne ko mai walda. Matanmu kuma sai an cire fil ɗin mayafi da ɗan kunne da ribom mai ƙarfe, kwalli ma a kan ce a goge in hoton kai ne don yana ɓata hoton, mai haƙorin Makka ya faɗa tun da wuri, mai laya ko guru ya cire ya ba ɗan rakiya ba wanda zai tambaye shi mene ne a ciki. A kwantar da kai a tura ka cikin rami, a toshe maka kunne don ƙararta sai ka ce injin markaɗe, a ba ka wata 'yar roba a hannu ka matsa in ka tsorata, minti 20 ko 40 kana kwance ba motsi. Mace tana iya roƙon mace ta ɗauke ta, in akwai za a ba ta, in babu a sa wata ma'aikaciya ta tsaya a ɗakin, kuma wanda ba ya jin Turanci ana nemo masa tafinta ta waya har na Hausa. Na siti kuma in za a yi allurar ruwan da ke fito da jijiyoyi sau da yawa sai an duba gwajin ƙoda tukun, kuma ana faɗa maka zaka ji ɗumi ya bi jikinka kamar ka saki fitsari, ba ka saki ba, in ba a faɗa wa dattijo ba kunya ce zata kashe shi.

Na'urorin nan fa ba wasu na daban ba ne, Siemens ne da GE da Philips, irin su ne a manyan asibitocinmu. Masu aikin ma namu ne da yawa, na haɗu da masu ɗaukar hoto 'yan Najeriya birjik, kuma BUK da Danfodiyo duk suna yaye su. Inda aka bar mu shi ne wuta da gyara, ita MRI akwai wani ruwan iska mai tsananin sanyi, hiliyom, da yake sanyaya maganaɗisun, injin da ke riƙe sanyin yana son wuta dare da rana, in aka yi ta ɗaukewa ruwan ya ƙone sai an zuba miliyoyi, shi yasa a cikin kuɗin hoto a gida har da kuɗin dizal kake biya, shi yasa kuma zaka ji an ce na'ura ta lalace ana jiran injiniya daga Legas. Nan kwangilar gyaran tare da na'urar ake sayenta.

Sannan ba a ba ka fim a ambulan ka yi ta yawo da shi. Ana ɗauka ya shiga kwamfuta, likitan da ke hawa na biyar ya buɗe ya gani, likitan hoto ya jera na yau da na shekara 3 baya ya ga ko ƙarin ya girma. Su ma suna kukan ƙarancin likitocin karanta hoto, har wasu asibitocin hoton dare Ostireliya suke turawa ta intanet don can rana ce. In ana zargin ciwon daji ƙa'idarsu cikin kwana 28 a faɗa maka eh ko a'a, kuma ba kai zaka bi sakamako ba, su zasu neme ka. Wani ma lafiyarsa ƙalau wasiƙa zata same shi, mata daga shekara 50 zuwa 71 ana kiransu hoton mama duk shekara 3, maza in sun kai 65 a musu sikanin babbar jijiyar ciki sau ɗaya. Mai ciki kuwa in ba matsala sikanin biyu ne kawai, wajen sati 12 da wajen sati 20, maiɗakina har mita take wai a Kano da ta ga ɗanta duk wata.

Hoton ba gane cuta kaɗai yake ba, har magani ake da shi. Ƙarin mahaifa da ya addabi matanmu, wanda a gida da an ji sunansa sai a fara zancen yanka, nan wasu ta jijiyar matsematsi ko ta hannu ake bi da siririn bututu a toshe jijiyoyin da ke ciyar da shi ya yamushe, kwana ɗaya mace ta koma gida, sai dai ba kowacce ake yi wa ba musamman mai neman haihuwa, likita ne zai auna. Gashin ciwon daji ma sai an yi siti an zana daidai inda hasken zai bi, a sa maka 'yan ɗigo a fata, ka dinga zuwa Litinin zuwa Juma'a daga gidanka, ba sai ka tattara ka koma Zariya ko Sakkwato ko Abuja ka kama ɗaki ba.

Masu cewa a nemo wa Hajiya bizar ziyara ta zo a duba ta kyauta, ku cire wannan a ranku, irin su ɗakin gaggawa da ganin GP ne ba a cajin kowa, da an kwantar da ita ko an ba ta ranar ganin babban likita kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin za a rubuto, kuma bashin yana iya hana ta biza gaba. MRI ta kuɗi a nan ɗaruruwan fam ce ta gaɓa ɗaya, ban da kuɗin ganin likita, gara a yi hoton a gida a wuri mai kyau. In kuma kuna son a nuna wa wani likita a nan, dan Allah ku daina ɗaga fim a jikin taga ku ɗauka da waya har ana ganin labule da bishiyar darbejiya ta ciki, ba mai iya karanta wannan. Ku ce a sa muku hoton a faifan CD ko filash, siti guda ɗaya hotuna ne ɗaruruwa ba guda 12 ɗin da aka buga a fim ba, ku haɗa da rahoton da likitan hoto ya sa wa hannu, da kwanan wata, da shekarun mara lafiya, da abin da yake damunsa tun yaushe, da tsofaffin hotuna in akwai, a turo su duka lokaci ɗaya.