Fitilun azumi a tsakiyar Landan, da abin da na gani cikin dare

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Da yawanku kun ga hotunan fitilun azumin nan na Landan a Facebook, har wasu na tambayata ko haɗi ne. Wallahi gaske ne. Titin Coventry ne, ɗan gajeren titi tsakanin dandalin Piccadilly da na Leicester. A watan Maris na 2023 aka fara, magajin gari Sadiq Khan ya kunna su, ƙwayayen LED 30,000 da aka jera siffar jinjirin wata da taurari, da rubutun barka da azumi wanda ake mayarwa barka da Sallah idan an ga wata. Musulmi ya tsaya a tsakiyar garin Turawa ya ɗaga kai ya ga haka, dole zuciyarsa ta motsa.

Ado da wuta tsohuwar al'adarsu ce. Titin Regent tun 1954 yake yin nasa na Kirsimeti, garin Blackpool kuwa tun 1879 ya fara nasa adon wutar daban, yanzu tsawon mil shida a bakin teku. Ba ka ganin laifinsu, domin a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, ga sanyi mai shiga ƙashi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani dare da na taso daga aiki, ana yayyafi, titi ba kowa. Sai ga ma'aikata biyu sun killace gefen hanya, ɗaya yana cikin kwandon motar nan mai ɗaga mutum sama. Na tsaya ina duba abin da ya lalace, na kasa gani. Sai da na ƙasan ya nuna mini da yatsa: wani ɗan zare ne a jikin tauraro ɗaya ya mutu, bai fi kamu guda ba, cikin dubban fitilu. Na saman ya cire safar hannu, ya warware mahaɗar, ya goge ruwan da ke jiki, ya sa sabon zare, ya ɗaure, na ƙasan ya rubuta a takarda. Ba mai kallonsu, ba wani babba da zai wuce gobe. Na daɗe a wurin ina jin wani abu mai kama da kunya.

Domin fitilar nan ba baƙuwarmu ba ce. Muna da ita a kowane shago, ita muke sa wa masallaci da Maulidi, ita ke zauren biki. To me ya sa namu ba sa kai wata? A kafa fitilun sola a titi, a yi taro, a yanka ƙyalle, kafin damina ta fita rabi sun mutu, an kwance batirin sauran, mu kuma mu wuce muna cewa kayan gwamnati ne. Ko na masallacin unguwa, wanda kuɗinmu ne, sai ka ga gulob ya shekara a mace a saman liman, kowa na jiran wani ya hau tsani.

Sannan ga son araha. LED mai kyau ba ya cin ko kwatan wutar da tsohon ƙwai mai zare yake ci, kuma yana shekaru. Abin da ke saurin mutuwa shi ne ɗan allon da ke gindinsa mai daidaita wuta, kuma nan masu jabu suke rage kuɗi. Wutarmu kuma ta zo ƙasa-ƙasa, can ta zo da ƙarfi, ga zafin bazara. A nan idan fitilar waje ce za ka ga an rubuta IP44 ko IP65 a kwali, ta biyun ta fi jure ƙura da ruwa. Mu kuwa ta ɗaki muke ratayawa a waje. Kuma dokarsu ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da kaya mai aibi a ba ka kuɗinka cif. Na mayar da wani zaren fitila da na saya wa yara don Sallah, rasit kawai yarinyar ta duba. A gida da sai an kai ga rantse-rantse.

Kada ku zaci komai daɗi ne. Kuɗin wuta a nan ya yi tashin gwauron zabi tun 2022, har titin Oxford ma ya rage awannin kunna nasa a shekarar. Wasu wuraren, irin lambun Kew, sai ka sayi tikiti tun da wuri kafin ka kalli fitila, mai iyali kuwa sai ya yi lissafi. Ga turereniya, ba mai yi wa wani sannu. Ina ƙarƙashin fitilun azumin nan na yi buɗa-baki da dabino a tsaye, raina yana can ƙofar gidanmu, ana shimfiɗa tabarmi, ana fito da kunu da ƙosai, yara 'yan tashe na shirin fita.

Kwamitocin masallatai da matasan unguwa, don Allah kafin azumin bana ku zaga ku ƙirga ƙwayayen da suka mutu, ku sayi masu kyau ko da kaɗan ne, ku kuma ɗora wa mutum ɗaya alhakin duba su duk Juma'a. Na masallacin layinmu na ɗauki nauyinsu, a turo mini lissafi.