Gargaɗi ga masu Hilux da Prado: a yi hattara da masu tallar tayoyin AT a intanet

Assalamu alaikum jama'a. Wannan saƙo na masu motocin fowil ne, wato masu jan ƙafa huɗu, da direbobin da ke shiga ƙauyuka, da duk wanda ake aika shi sayen taya a ofis ko a gida. Akwai wata damfara da ta yi yawa a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, kuma illarta ba ta tsaya a aljihu ba, tana iya kai wa ga rai.

Ga yadda take tafiya. Mutum zai saka hoton tayoyi huɗu baƙi wuluk, masu manyan haƙora, da farin rubutu a gefe, ya ce sabbi ne dal, BFGoodrich KO2 ko wata sananniyar tayar AT (All-Terrain, wato ta kwalta da daji), girman 265/65R17 da ke hawa Hilux da Prado. Farashin bai kai na dila ba, wani lokaci da nisa. Idan ka tambayi dalilin araha, amsa a shirye take: gwanjon kwastan ne, ko kuma wani kamfani ne ya yi oda ya fasa ɗauka. Sai ya ce saura saiti ɗaya, wani Alhaji ma yana kan layi, ka tura kafin alƙalami ya sa maka a mota daga tasha. Wasu da zarar kuɗi sun shiga, lamba ta rufe ke nan. Waɗannan ma su ne masu sauƙi, domin kuɗi kawai suka cinye. Waɗanda suka fi tayar min da hankali su ne masu aiko kayan, an nannaɗe da leda kamar daga masana'anta suka fito, alhali tsofaffi ne da aka yi wa kwalliya.

Dalilin da ya sa abin yake cin mutane shi ne, yawancinmu haƙori muke kallo. Tayar AT ta gaske an ƙera ta ne don ta raba aiki tsakanin kwalta da daji. Tana riƙe burji da tsakuwa, gefenta ya fi na tayar gari jure ƙaya da dutse, idan aka rage mata iska tana tafiya a rairayi. Tana da nata aibin kuma: ta fi ƙara a kan kwalta, ta fi shan mai, yawancinsu burki ya fi ja da su idan titi ya jiƙe, a taɓo mai zurfi kuma haƙoranta suna cikewa ta koma santsi. Duk mai ce maka tayarsa ba ta da aibi a ko'ina, talla yake yi. Amma ainihin ƙarfinta ba a ido yake ba, yana cikin robar da wayoyin ƙarfen da ke ƙarƙashin zanen. Ɗan damfara ya san haka sarai, shi ya sa yake gyara abin da ido ke gani, ya bar maka ruɓaɓɓen ciki.

Dabarar da ta fi muni ita ce sake yanka zane. Taya ta suɗe, sai a ɗauko wata wuƙa mai zafi a bi tsofaffin layukan a zurfafa su. Ana yin haka bisa ƙa'ida a wasu tayoyin manyan motoci waɗanda masana'anta ta bar musu kaurin roba don wannan, har ta rubuta hakan a jikinsu. Tayar jif ko akori-kura ba ta da wannan kaurin. Idan aka yanke ta, abin da ya rage tsakanin titi da waya ɗan kaɗan ne, ruwa ya shiga, waya ta yi tsatsa, wata rana ana cikin gudu zanen ya ɓalle. Ka sa yatsa cikin ramin zanen ka bi shi. A taya ta gaske za ka taɓa wasu 'yan tudu da aka gitta a ciki, tsayinsu milimita 1.6, su ne ke nuna taya ta ƙare idan zane ya sauko daidai da su. A wadda aka yanka, ko dai an share su, ko ka ga ramin ya karkace, zurfinsa ba ɗaya ba, ƙananan tsagun da ke kan haƙoran kuma babu su.

Sai batun shekaru. Kowace taya da ke ɗauke da lambar DOT, wato jerin haruffa da lambobin da ke bin kalmar DOT a gefen taya, tana faɗin lokacin da aka yi ta. Lambobi huɗu na ƙarshe ake dubawa: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, mako na 23 ke nan na shekarar 2019. Idan lambobi uku ka gani, an yi tayar kafin 2000, kada ma ka tsaya ciniki. Idan biyun farko sun haura 53, ƙarya ce, shekara ba ta da makonni haka. Sau da yawa cikakkiyar lambar a gefe ɗaya kawai take, don haka ka juya tayar. In ka ga wurin ya yi sumul kamar an goge, ko ya yi kaushi dabam da sauran jiki, ko lambobin ba su yi kama da sauran rubutun ba, an taɓa ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana jan kunne cewa shekara huɗu daga ranar ƙira ce wa'adin taya. Kamfanin taya na Michelin kuwa cewa yake bayan shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa kowace shekara, kada ta wuce goma ko da zanenta na nan. Ko wanne ka ɗauka, taya mai shekara bakwai ba sabuwa ba ce, ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba, domin roba tana bushewa ko a ajiye.

Akwai kuma tayoyin ƙanƙara da ake kwasowa daga Turai da Kanada bayan sun gama aiki, a sayar a matsayin AT saboda zanensu yana da zurfi. Blizzak, X-Ice, Hakkapeliitta, duk sunayen tayoyin sanyi ne. Robarsu mai laushi ce da aka haɗa don hunturu, a zafin watan Afrilu kan hanyar Kano zuwa Maiduguri cinyewa take da wuri. Wasu ma za ka ga 'yan ramuka inda aka cire ƙusoshin ƙanƙara. Amma a lura, alamar dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki ba hujja ce kaɗai ba, KO2 ta gaske ma tana da ita. Sunan samfurin za ka karanta.

Kada wani ya ɗauka ina zuzuta abin. A watan Agusta na 2000, kamfanin taya na Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, samfurin ATX da ATX II da Wilderness AT, galibi a kan Ford Explorer. Zanen ne yake rabuwa da jikin tayar ana cikin gudu, motar kuma doguwa ce, sai ta kife. Hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka ta danganta mutuwar mutum 271 da lamarin. Yawancin haɗurran a jihohi masu zafi suka auku, kuma tun a 1999 Ford ya fara sauya irin tayoyin a Saudiyya. Waɗannan fa tayoyi ne da suka fito daga masana'anta kai tsaye, ba wanda ya sa musu wuƙa. Ina ga wadda ta tsufa, aka yanke ta, aka ɗora mata buhunan hatsi da mutane a bayan Hilux da tsakar rana?

Wani abin da mai fowil ya kamata ya sani: masu wannan sana'a sukan haɗa saiti daga tayoyi mabambanta, wata ta fi wata cinyewa, wata ma girmanta dabam. A Prado da Land Cruiser masu jan ƙafa huɗu kullum, wannan bambanci wahala ce ga giyar fowil, gyaranta kuma ya fi kuɗin tayoyin. Ka duba lambar nauyi ma. Idan an rubuta 112, kilo 1,120 tayar ke ɗauka, kada ta gaza abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba.

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Ikeja a 2008, kasuwar Najeriya ta dogara da tayar waje. Shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci yana cikin jerin haramtattun kaya na kwastan, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, kuma ta sha kama waɗanda aka cusa cikin juna a kwantena don rage kuɗin fito, abin da ke lanƙwasa bakin tayar tun kafin ta hau rim. Saboda haka labarin gwanjon kwastan ba abin kwantar da hankali ba ne, dalili ne na ƙara bincike.

Roƙona shi ne kada ka biya kuɗin tayar da ba ka karanta jikinta da idonka ba. Ka tafi da mai facin da ka yarda da shi, a cire ledar a gabanka, a leƙa ciki a ga ko akwai faci, a karɓi rasit mai sunan shago da adireshi da lambar DOT ta kowace taya. Wanda ya ƙi ɗauko maka hoton lambar kafin ciniki, ka rabu da shi.

Wanda kuma ya riga ya saya, don Allah ya duba nasa yau. In ka ga kumburi, ko tsagewa a gefe, ko sitiyari ya fara rawa, a sauke tayar, kada a mayar da ita baya da sunan lallaɓawa, fashewar tayar baya ce ta fi saurin juya doguwar mota. Kada kuma a sayar wa wani don rage asara. A adana hirar da shaidar tura kuɗi, a sanar da banki da wuri, a kai ƙara ga 'yan sanda da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, sannan a tura wannan ga direbobin da kuka sani.