Madubin hangen nesa 8x42 ko mai zuƙowa 10-30x50: wanne za ka riƙe zuwa Sakumono?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya wane madubin hangen nesa za ka saya don kallon tsuntsaye a Sakumono, wani tafki a bakin teku a Ghana: 8x42 ko mai zuƙowa 10-30x50, wanda ake ƙara kusantowarsa daga 10 zuwa 30. Duka biyun sun ratsa hannuna, kuma 8x42 nake ba ka shawarar ka saya.

Lambar farko ita ce yawan kusantowa, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Takwas kamar ya yi kaɗan, amma tsattsewar teku, fararen nan masu siraran fukafukai da ke faɗawa ruwa su cafko kifi, ba sa tsayawa su jira ka. Sai madubi mai faɗin gani ne zai bi su a sama.

Wata safiyar Oktoba na yi asubanci zuwa Sakumono, tsakanin Akara da Tema, gari bai gama wayewa ba. Garken tsattsewar na zaune a kan yashi, na ɗaga nawa 8x42, sai ga wata mai baƙin baki, da ɗan rawaya a tsininsa kamar an tsoma a man shanu, ga zobe na ƙyalli a ƙafarta. Daga Turai ta taso, ta ratso duk gaɓar Afirka ta Yamma. Wallahi na daɗe tsaye ban sauke hannu ba. Saboda irin waɗannan baƙin aka sa Sakumono da Songor da Keta cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 1992, ko da yake gine-gine sun ci bakin Sakumono har abin yana ba ni takaici. In kana da hali ka ƙarasa Songor, wajen Ada.

Mai zuƙowar kuwa, in ka kafa shi a kan sanda zai nuna maka tsuntsun da ke tsaye, iyakarsa ke nan. Da ka kai shi 30 haske ya gudu, iskar teku ta kaɗa hannunka, komai ya hau rawa. Nawa damina ɗaya ya yi, raɓa ta shige shi, fumfuna ta fito a gilashin.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan kasuwa. Duk wanda ya miƙo maka mai jan gilashi, ya ce yana gani cikin dare, ko an rubuta wata ƙatuwar lamba a jikin ɗan ƙaramin abu, ajiye masa kayansa. Kafin ka biya, fita waje ka dubi wayar lantarki daga nesa. In ta rabu biyu, ko idonka ya fara ciwo, a karkace yake. Haska tocila ta gilashin gaba ka duba ƙura da fumfuna.

Ka nemi 8x42 wanda ruwa ba ya shiga, na hannu ma ya yi in lafiyayye ne. Ka je tsakanin Satumba da Maris, rana a bayanka, kuma kada ka matsa har garken ya tashi. In kana son ganin ƙananan tsuntsaye masu caccakar laka a can nesa, masu babban madubi mai ƙafa uku ba sa hana mutum leƙawa in ka yi musu sallama.