Canon EF-S 10-18mm: Gilashin Kyamara Mai Faɗin Gani Kuma Mai Sauƙin Kuɗi

Duk mai neman gilashin kyamara da zai kwaso ɗaki gaba ɗaya ko dogon gini a hoto guda, ya kamata ya duba EF-S 10-18mm da kamfanin Canon ya fitar a shekarar 2014. An ƙera shi ne domin kyamarorin Canon masu ƙaramin sensa (ɓangaren da yake karɓar hoto a cikin kyamara) irin su 700D da 80D, inda ganinsa yake daidai da milimita 16 zuwa 29 a kyamara mai babban sensa (ƙaramar lamba tana nufin gani mai faɗi), amma ba ya hawa kan masu babban sensa irin su 6D ko 5D.

Nauyinsa giram 240 ne kacal, yana da na'urar rage rawar hannu, kuma injinsa ba ya ƙara yayin saita hoto, abin da masu ɗaukar bidiyo za su yaba.

Rauninsa yana wajen haske. Ƙofarsa ta shigar haske ba ta buɗewa fiye da f/4.5 (ma'aunin buɗewar ƙofa: ƙaramar lamba, haske mai yawa), tana kuma tsukewa zuwa f/5.6 idan aka kai milimita 18, saboda haka a zauren biki da daddare sai an haɗa da fitila, domin rage rawar hannu ba ya tsayar da mutumin da yake motsi. Wanda aikinsa na dare ne, gilashin kamfanin Tokina 11-16mm mai f/2.8 ya fi dacewa da shi, ko da yake ya fi nauyi. Haka nan a milimita 10, fuskar wanda ya tsaya a gefe takan miƙe, kansa ya yi faɗi, don haka gara a ajiye amarya a tsakiya. Mahaɗinsa da kyamara ma na roba ne, yana bukatar lallaɓawa wajen cirewa da sakawa.