Waya a makaranta: a hana ta ko a ajiye a ofis?

A taron iyaye da malamai na wata makaranta a Tudun Wada, baki ya rabu biyu. Wasu suka ce a hana zuwa da waya kwata-kwata. Hankalin yaro zai tsaya kan allo, kuma satar amsa za ta ragu, tunda WAEC da NECO ma ba sa yarda da waya a ɗakin jarrabawa.

Amma yarinyar da ke hawa Keke Napep daga Rigasa fa? Idan yamma ta yi ba ta dawo ba, uwa na bakin ƙofa, da me za ta kira ta? Shi ya sa na fi karkata ga ɗaya ɓangaren: a miƙa wayar a ofis da safe, an manna mata suna, a karɓa bayan an tashi. Wahalar dai tana kan malamin da zai riƙe makullin akwatin.