Gargaɗi ga 'Yan Uwa a Amurka: Masu Neman a Saya Musu Bindiga a Wajen Baje Koli

Assalamu alaikum. Ina jan hankalin 'yan uwa mazauna Amurka, musamman waɗanda ba su daɗe da samun girin kad (katin izinin zama na dindindin) ba, kan wata yaudara da na ci karo da ita a baje kolin bindigogi da aka yi kusa da mu a jihar Texas.

Na je ne domin in duba farashin bindigar farauta. Ina tsaye gaban wani tebur da aka jera ƙananan bindigogi, kowace an ɗaure ta da igiyar roba don kada a ɗana, sai wani mutum mai kyan shiga da daɗin baki ya matso ya gaishe ni kamar mun saba. Ya ce ya manta katin shaidarsa a gida, ga shi bindigar da yake so saura ɗaya, don haka in taimaka in saya da sunana, zai ba ni kuɗinta, ya ƙara mini dala 200 ladan wahala. Har ya buɗe ambulan ya nuna mini kuɗin. Na ce masa a'a, kuma ban kai ƙofar fita ba na hango shi yana yi wa wani matashi irin wannan raɗa.

Ga inda tarkon yake. Duk dillali mai lasisi, ko a shago ko a baje koli, sai ya ba mai saye fom mai lamba 4473 na ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, ya cike, sannan galibi a binciki sunansa a rumbun bayanan FBI. A fom ɗin akwai tambayar ko kai ne ainihin mai sayen, kuma wanda ya amsa da e alhali kuɗin wani ne, bindigar kuma ta wani ce, ya aikata babban laifi. Ko amana ta jini ba ta wanke mutum: a 2014 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da hukunci kan wani tsohon ɗan sanda, Bruce Abramski, wanda ya sayo wa kawunsa bindiga, duk da cewa doka ba ta hana kawun mallakarta ba. Wata dokar tarayya ta 2022 kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara 15 ga wanda ya sayo wa mutumin da aka haramta wa riƙe makami.

A ganina, mai biyan dala 200 don kada sunansa ya shiga takarda ba mantuwa ce ta kama shi ba, ya san binciken ba zai bar shi ya wuce ba. Ranar da aka tsinci bindigar a wajen fashi ko kisa, lambarta za a bi daga kamfani zuwa dillali, daga dillali zuwa fom mai ɗauke da sa hannunka, shi kuwa ko sunansa na gaskiya ba ka sani ba. Ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba, bayan gidan yari akwai yiwuwar a tasa ƙeyarsa gida.

Wanda aka tunkara da irin wannan magana ya ƙi nan take, kada ya karɓi ambulan ko da da sunan riƙewa ne, sannan ya sanar da 'yan sandan da ke bakin ƙofa ko masu shirya baje kolin.